“An Gano” Kaɗai Ba Ya Isar Mai Karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shafin da kuka fitar makon jiya, inda kuka jero abubuwan da masana kimiyya suka binciko a 'yan shekarun nan. Allah ya saka da alheri, domin ba kullum ake samun irin wannan da Hausa ba. Ni tsohon malamin kimiyya ne, na yi shekara 33 ina fama da alli a makarantun sakandare kafin in ajiye aiki. Mai hali ba ya fasa halinsa, sai ga ni da jan biro a hannu ina karanta jaridarku. Duk inda na ga “an gano” sai in ja masa layi, har shafin ya koma kamar littafin ɗalibin da bai yi bita ba. An gano alamar rayuwa a duniyar Mars. An gano maganin sikila. An gano zumar da ta shekara dubbai. Kowane labari layi huɗu, an wuce.

Da ɗalibina ne ya kawo min wannan, tambaya biyu zan rubuta masa a gefen takarda: ta yaya aka sani, kuma abin da aka gano ɗin yanzu yana hannun wa? Bari in nuna maka dalilina da abubuwan da suka taɓa ni kai tsaye.

In fara da Mars ɗin. Abin da ya faru shi ne, motar binciken Amurka mai suna Perseverance, wadda ta sauka a can a Fabrairun 2021, ta ci karo da wani dutse mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa a watan Yulin 2024. A Satumban 2025 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar cewa ma'adinan da ke cikin ɗigon nan irin waɗanda ƙananan halittu kan bari ne idan sun ci sun sha a cikin laka. Amma su masu binciken da bakinsu suka ƙara da cewa ana iya samun irin waɗannan ma'adinai ba tare da wata halitta mai rai ba, kuma ba za a raba gardama ba sai an kawo dutsen nan duniya an duba shi da manyan na'urori. Ɗan guntun da motar ta haƙo yana can cikin bututu a Mars har yau. Wato sawu aka gani a rairayi, ba a ga mai sawun ba. Wani maƙwabcina da ya karanta shafinku ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya ko mutanen Mars ɗin suna da addini.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ku da ni duk mun tsallake labarin da ke ƙofar gidanmu. Ranar 3 ga Oktoban 1962, shekara biyu da samun 'yancin kai, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa a kusa da Zagami, nan ƙasar Faskari, sai ya ji ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa wajen ƙafa 2. Da aka tono, sai ga dutse mai nauyin kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna aka ajiye. Wannan dutse, Malam Edita, ɓallin duniyar Mars ne. Shekara da shekaru shi ne mafi girman dutse guda daga Mars da ɗan Adam ya taɓa riƙewa a hannu.

Ni da nake zaune a Funtuwa, na zana Mars a allo ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, na sa yara suka haddace cewa ita ce ta huɗu daga rana, cikinsu har da 'yan Faskari, amma ban taɓa jin wannan labari ba sai bara-bara ɗin nan da wani tsohon ɗalibina ya nuna min a wayarsa. Na yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce, “Malam, lafiya?” Na ce masa lafiya lau, kunya ce kawai.

To ga tambayar jan biro: ta yaya aka san daga Mars yake, tunda ba da takarda ya zo ba? Amsar tana da daɗi, kuma duk wanda ya gama aji uku zai fahimce ta. A 1976 kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking suka sauka a Mars, suka auna iskar can, suka aiko da lissafin abin da ke cikinta. Ita iskar kowace duniya tana da nata haɗin, kamar yadda dangwalen yatsan kowa ya bambanta. Shi kuma irin wannan dutse, abin da ya raba shi da gida shi ne wani ƙaton dutse da ya faɗa wa Mars da ƙarfin da ya watsa ɓaraguzai har suka kuɓuce zuwa sarari. Zafin wannan karo ya narkar da wasu 'yan wurare a cikin dutsen, suka daskare nan take suka zama gilashi, suka rufe 'yar iskar da ke wurin a lokacin, kamar yadda kumfa ke maƙalewa a cikin alewa in ta sandare. A 1983 wasu masana biyu, Bogard da Johnson, suka gasa irin wannan gilashi daga wani dutse da aka tsinta a ƙanƙarar Antatika, iskar da ta fito ta yi daidai da lissafin Viking. A 1995 wani masani mai suna Kurt Marti da abokan aikinsa suka yi wa na Zagami irin wannan gwaji, shi ma ya ba da amsa guda. Daga nan kuma aka lissafa cewa dutsen ya daskare daga narkakken aman wuta kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, ya yi wajen shekara miliyan 3 yana yawo a sarari, sannan ya zaɓi gonar bawan Allahn nan.

Tambaya ta biyu kuwa, yana hannun wa? A 1988 wani Ba'amurke dillalin irin waɗannan duwatsu, Robert Haag, ya samu babban yanki daga cikinsa. Yau an yayyanka Zagami, yana gidajen tarihi da jami'o'i da akwatunan attajirai a ƙasashe da dama, ana sayar da shi giram-giram kamar zinariya. Har wani ɗan ɓalli daga jikinsa aka liƙa a kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996, ya koma yana kewaya duniyar da ya fito. Sunan ƙauyenmu ya je Mars, yaran ƙauyen ba su sani ba.

Na tuna kakata tana da wani santsin dutse da take ɓoyewa a cikin tukunya, wai gatarin aradu ne, tsawa ce ta jefo shi. Sai da na yi karatu na gane cewa gatari ne na gaske, mutanen zamanin da ne suka wasa shi da hannunsu tun kafin a san ƙira. Abin da ɗan Adam ya sassaƙa mun ce daga sama ya faɗo, mun adana shi cikin tukunya. Wanda ya faɗo daga saman da gaske kuma mun bari ya tafi.

Kada wani ya ce ai wannan zamanin jahilci ne, ya wuce. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutsen na Mars a hamadar jihar Agadas a Nijar, nauyinsa ya kusa kilo 25, ya ture na Zagami daga matsayi na ɗaya. Masana suka sa masa lamba NWA 16788. Ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. Sai bayan an buga guduma hukumomin Yamai suka buɗe bincike a kan yadda ya fita, suka kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Kamfanin ya ce shi da takardunsa cikakku. Ka kwatanta da wahalar da Amurka ta sha: kumbon OSIRIS-REx ya tashi a 2016, sai a Satumban 2023 ya jefo ƙunshinsa a hamadar Utah, shekara 7 ke nan, kuma abin da ya kawo daga dutsen sararin nan Bennu giram 121.6 ne kacal, bai cika gwangwanin madara ba. A cikin wannan 'yar ƙurar aka samu 14 daga cikin sinadarai 20 da jikin mai rai ke gina furotin da su. Su sun kashe shekaru da dukiya don cikin tafin hannu, mu ana sauke mana kilo-kilo kyauta har gona.

Labarin zuma da kuka kawo ma namu ne, amma ba ku faɗi haka ba. Mutanen Nok ne, waɗanda suka zauna a yankin kudancin Kaduna na yanzu, masu mutum-mutumin yumɓun nan da aka fara tonowa a ramukan kuza. Masu haƙar tarihi na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus sun daɗe suna aiki a can, amma sun rasa sanin abin da mutanen ke ci, saboda ƙasar wurin tana da tsami, tana cinye ƙashi. Sai suka koma ga tsingaro. Tukunyar ƙasa tana shan maiƙon duk abin da aka dafa ko aka ajiye a cikinta, kowace uwar gida ta san haka. Aka kai tsingaro sama da 450 Jami'ar Bristol a Ingila, aka niƙa, aka tatso maiƙon da ya maƙale. Nama suke nema, sai ga kakin zuma a wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka ba da maiƙo. Aka buga sakamakon a 2021: shekara 3,500 ke nan ana shan zuma a ƙasar nan. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to ga tsohuwa ta gaske. Haka kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, babu wanda ya girme shi a duk Afirka. Manomi, makiyayi, mai haƙar kuza: ka lura da waɗanda ke fara taɓa abin da hannu.

Yanzu in zo ga abin da ya sa na kasa barci har na ɗauki biro. Ina da jika mai shekara 9, 'yar 'yata ta fari. Amaryata nake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai furfura. Tana da sikila. Wanda bai taɓa kwana da mai wannan ciwo ba ba zai gane ba. Yarinya tana wasa da yamma, tsakar dare ta farka tana ihu ƙafarta, hannunta, bayanta, ka rasa inda za ka taɓa. Lokacin sanyi kuwa gidan gaba ɗaya a tsorace yake.

A ƙarshen 2023 uwarta ta zo min da sassafe, ko mayafi ba ta daidaita ba, ta ce, “Baba, ka ji an gano maganin sikila? A rediyo aka faɗa, an ce warkewa ake yi gaba ɗaya.” Ta riga ta yi lissafin sayar da 'yan kunnenta da keken ɗinkinta. Na ce ta ba ni kwana biyu in bincika. Kwana biyun nan na yi su ne ina neman yadda zan gaya mata.

Maganin gaskiya ne, ba ƙarya aka yi ba. Sunansa Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta bi baya ranar 8 ga Disamba. Hikimar da ke cikinsa ta burge ni matuƙa. Duk uwar mai sikila za ta gaya maka cewa jaririnta lafiya lau yake a watannin farko, sai ya doshi wata shida hannu da ƙafa su fara kumbura. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948. Dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini na daban, wanda ya yi amfani da shi a cikin mahaifa, kuma wannan nau'in ba ya lanƙwashe ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Bayan haihuwa sai jiki ya kashe shi ya kunna na manya, wanda a wurin mai sikila shi ne mai matsalar. Masana suka gano makunnin da ke kashe jinin jarirantakar, wata ƙwayar gado da suke kira BCL11A. Sai suka ɗauko dabarar nan ta CRISPR, wadda ta sa aka ba mata biyu, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, kyautar Nobel a 2020, wato wani almakashi da ke yanka daidai inda aka nuna masa a cikin ƙwayoyin gado. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a lalata makunnin nan a ɗakin gwaji, a mayar masa da abinsa. Jikinsa sai ya koma yin jinin da ya yi yana ciki. A gwajin da aka gabatar wa hukumar Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi shekara guda cur ciwon bai tashi musu ba.

Ga abin da rediyo bai faɗa ba, ku ma ba ku faɗa ba. Kafin a mayar da ƙwayoyin, sai an share ɓargon mutum da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda ke zubar da gashi, ya bar jiki ba garkuwa na makonni, kuma yana iya hana haihuwa har abada. Lokacin da aka amince da shi, sai mai shekara 12 zuwa sama. Kuɗinsa kuma dala miliyan 2.2, ban da kuɗin kwanciya. In ka buga a naira 1,500 kan dala ɗaya, ya haura naira biliyan 3. Na zauna na yi wani lissafin banza: dutsen Agadas gaba ɗayansa yara biyu zai yi wa magani, a samu ɗan canji. Alhali a Najeriya ana haifar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Da na gama yi wa 'yata bayani ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “To Baba, me ya sa suka faɗa mana?” Wannan tambayar ce na kawo maka.

Ba cewa nake a ɓoye labari ba. Cewa nake a ba da shi da kai da ƙafa. Kuma a ba da wanda ya fi kusa da mu, domin akwai shi. Ɗaya daga cikin mugayen abubuwan da sikila ke yi wa yara shi ne shanyewar ɓarin jiki. In ba a ɗauki mataki ba, wajen yaro ɗaya cikin goma na gamuwa da ita kafin ya girma. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, ba allura ba zafi, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin haɗari. A ƙasashen masu hali, ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro duk wata. Mu nan da ake neman leda ɗaya ta jini kamar ido, ina za mu iya? Sai likitocinmu suka tambayi kansu ko kafson hydroxyurea, tsohon magani mai sauƙin kuɗi, zai iya tsayawa a madadin haka. Aka yi gwajin da yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna. Cikin jagororin aikin akwai Farfesa Shehu Abdullahi da Dakta Najiba Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Rabin yaran aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi aka ba su 20. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa 'yan kaɗan ne ƙwarai suka samu shanyewar jiki a kowane ɓangare, kuma ƙaramin awon bai gaza babban ba wajen wannan kariya, ko da yake masu shan babban sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Ka san abin da ya fi ba ni mamaki? Shi wannan kafso, babban aikinsa a jiki shi ne ya tayar da jinin jarirantakar nan, wato ƙofar da Casgevy ke ɓallewa gaba ɗaya ita ce shi yake ɗan turawa kullum. Ba ya warkarwa, sai an riƙa sha ana gwada jini, kuma ba abin da mutum zai je kemis ya saya da ka ba ne, likita ne ke yanke awo. Amma amaryata tana shan sa yau shekara biyu, kuma kwanakin da muke yi a asibiti sun ragu ƙwarai. Wannan bincike a Kano da Kaduna aka yi shi, da yaranmu, likitoci a duniya suna kafa hujja da shi. A shafinku ban ga ko layi ɗaya a kansa ba.

Akwai wani laifin da ba na jarida ba ne, nawa ne, kuma gara in faɗa da bakina. Ni da na koyar da darasin gado, na zana akwatin nan mai gida huɗu a allo ina nuna yadda AS da AS, wato masu ɗauke da rabin ciwon, ke haifar da SS mai cikakken ciwon, ni ne na aurar da 'yata ban ce a yi gwaji ba. Yaron ɗan aminina ne, na ji nauyi. Shi ya sa na yi murna da jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024. Sai dai ina roƙon ku gyara wani kuskure da nake yawan ji, har daga bakin masu ilimi, wai in AS ya auri AS, ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai zo da ciwon, saboda haka in an samu ɗaya sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ɗaya cikin huɗu. Na san gidan da yara uku a jere suka zo da shi, na kuma san gidan da aka haifi shida babu ko ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ciwon ya yi mana yawa haka, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabinsa? Wani likita, Anthony Allison, ya ba da amsar tun 1954 daga binciken da ya yi a gabashin Afirka: mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, saboda haka a ƙasar sauro su ne suka fi rayuwa su hayayyafa. Sauro ne ya bar mana wannan gado. Shi ya sa labarin rigakafin maleriya, wanda kuka ba layi huɗu, ya cancanci shafi guda. Allurar R21 a Jami'ar Oxford aka haɗa ta, amma a Nanoro ta Burkina Faso aka gwada ta a ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, inda ta ba da kariya kashi 77 cikin 100 a sakamakon 2021. Ghana ce ta fara amincewa da ita a Afrilun 2023, Najeriya ta biyo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa albarka a Oktoban 2023. Wani kamfani a Indiya ke yin ta, kuɗin kowace allura bai kai dala 4 ba. A Disamban 2024 aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa. Abin da uwa ke bukatar ji shi ne allura huɗu ce, a wata 5, da 6, da 7, sannan ta ƙarshe a wata 15, kuma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba. In ba a faɗi wannan ba, uwa za ta kai yaro sau ɗaya, ya yi zazzaɓi da damina, ta ce allurar ƙarya ce, ta gaya wa maƙwabta.

Na san uzurinku. Shafi kaɗan ne, ma'aikata kaɗan ne, labaran kuma daga kamfanonin dillancin labarai na waje suke zuwa da Turanci, a fassara cikin gaggawa. Ban raina wannan wahala ba. Amma da ku jero goma a layi hurhuɗu, gara ku ɗauki ɗaya a mako ku bi shi har gindinsa: wa ya yi, a ina, da mutum nawa ko tsingaro nawa, me su masu binciken suka ce bai tabbata ba tukuna, nawa ne kuɗinsa, akwai shi a Kano ko Maraɗi ko sai an haye teku. Kuma in masana suka ce “wataƙila”, don Allah ku bar mana “wataƙila” ɗin a inda take, kada a cinye ta wajen fassara.

Ina da roƙo guda biyu na musamman. Na farko, in hanya ta yi kyau, domin kowa ya san halin da ƙasar Faskari ta shiga a shekarun nan, ku tura wakilinku Zagami. Wanda yake da shekara 12 a 1962 yau ya haura 70, akwai sauran waɗanda suka ji ƙarar nan da kunnensu. Takardun Turawa “wani manomi” kawai suka rubuta. Mutumin yana da suna, yana da jikoki, gonar tana nan. A ɗauki maganarsu tun suna raye, daga nan wakilin ya wuce Kaduna ya nemi a nuna masa abin da ya rage na dutsen, a ɗauko mana hoto. Na biyu, ku je wurin likitocin nan na Kano su yi wa iyaye bayani da Hausa a kan gwajin gudun jini na kai: a wane shekaru ake farawa, sau nawa a shekara, a waɗanne asibitoci ake yi.

In kuna bukatar mai duba muku fassarar labaran kimiyya kafin a buga, ga ni, ba sai kun biya ba. Lokaci ina da shi har ya yi min yawa, jan birona ma bai ƙare ba. Sai dai ban da ranar Talata mai zuwa, domin da asuba za mu kama hanyar Kano ni da amarya da uwarta, ranar awon kanta ce, kuma ta riga ta kafa min sharaɗin cewa ba za ta shiga mota ba sai na yi alkawarin gurasa da tsire a hanyar dawowa.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin kimiyya,
Funtuwa, Jihar Katsina.